Ko Wata Biyu Ban Yi a Sabon Aiki Ba, Sai Ga Wanda Ya Fi Shi Tsoka: In Tafi Ko In Zauna?

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin domin waɗanda data ba ta bari suka saurari murya ba, da waɗanda dama sun fi son karatu.

Maganar yau ta taso ne daga saƙon da wani ɗan uwa ya turo min daga Bunkure, ya ce a sakaya sunansa. Ya kama aiki a wani shagon sayar da taki da maganin feshi, satinsa shida ke nan, sai ga wani wurin da ya taɓa kai takardunsa sun kira shi, kuma albashinsu ya fi. Tambayarsa ita ce: in na tafi na ci amana? In kuma na zauna, ban cuci kaina ba?

Wallahi da na karanta saƙon nan sai da na yi shiru, domin irin wannan ta taɓa faruwa da ni, kuma a yankin nan namu. Don haka yau ba labarin wani zan ba ku ba, nawa zan bayar, sannan mu warware abin daki-daki.

Amma kafin nan, bari in yi wa waɗanda ba 'yan yankin ba bayanin yadda aiki yake a nan, don in ba ka san wannan ba, ba za ka gane nauyin tambayar ba.

Kura, Bunkure da Garun Malam suna cikin aikin noman rani na Kogin Kano, wanda mutane suka fi sani da Kadawa. Ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya biyo babban kanal ya rarrabu zuwa gonaki. An tsara kashin farko na aikin a kan kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Saboda ruwan nan, ƙasarmu ba ta hutawa. Da damina shinkafa, da hunturu alkama da tumatir da albasa, in sanyi ya fara sauka a sake komawa shinkafar rani da masara.

To kusan duk aikin da matashi zai samu a nan, a jikin wannan zagayen yake rataye. Injin gyaran shinkafa a Kura, shagon taki da iri, kamfanonin da ke ba manoma bashin kayan noma su karɓi amfanin gona, lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, aikin malamin gona, duk kowanne yana da lokacin da yake ci kamar wuta, da lokacin da za ka wuni kana korar ƙuda. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ni dai bayan na gama bautar ƙasa na fi shekara ina zaune. Noma na karanta, amma babu inda ban kai takarda ba. Ƙarshe kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya ɗauke ni a bayan babur ɗinsa ya kai ni wurin wani Alhaji mai injin shinkafa a Kura. A gabana ya ce masa, "Alhaji, ga ɗana nan, ni na tsaya masa. In ya yi ba daidai ba, ni za ka nema." Aka sa ni a kan sikeli da littafi. Ni ke rubuta buhunan shanshera da ke shigowa, da bashin dillalai, da na matan da ke kawo shinkafar da suka turara a gyara musu. Albashi naira 60,000. Farkon watan Oktoba na fara, daidai lokacin da sabuwar shinkafa ta fara shigowa.

Sati bakwai cif, ina cikin awo wayata ta yi ƙara. Wani kamfani ne da na yi wa intabiyu tun watanni biyar baya, har na manta da su. Suna neman jami'in da zai yi rajistar manoman shinkafar rani a ɓangaren Bunkure, ya riƙa bin gonakinsu. Naira 95,000, ga babur. Kuma cikin sati ɗaya suke so in fara.

A daren nan ban yi barci ba. Zuciya ɗaya tana ce min, kai, abin da ka karanta ke nan fa, ka tafi. Ɗayar tana nuna min fuskar Kawu.

To ga abubuwan da na koya, wasu a lokacin, wasu sai daga baya da na sha wuya.

Abu na farko, kada ka auna albashin wata da albashin wata. Ka auna shekara da shekara. Da na nemi su turo min takardar ɗaukar aiki, sai na ga kwantiragi ne na wata shida, wai ana iya sabuntawa. Ɗauki biro mu yi lissafi tare. 95,000 sau shida, 570,000 ke nan. 60,000 sau goma sha biyu, 720,000. Ka ga aikin da nake ganin ya fi tsoka, in ba a sabunta shi ba, a ƙarshen shekara shi ne ƙasa. Sannan ka cire abin da aikin zai ci. Man babur wa zai saya? In ya lalace wa zai gyara? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wanda ke zirga-zirga tsakanin ƙauyuka ya san kuɗin mai kaɗai zai iya cinye bambancin albashin nan. A wurin Alhaji kuwa a ƙafa nake zuwa, ana ba mu abincin rana, kuma in an yi ciniki mai kyau yakan ba kowa ɗan kwanon shinkafa ya kai gida. Wannan ba ya cikin albashi, amma yana cikin tukunya.

Kuma kada girman suna ya ruɗe ka. Mu a yankin nan mun gani da idonmu. A 2016 aka buɗe kamfanin sarrafa tumatir na Dangote a Kadawa, wanda aka gina don ya riƙa cin tan 1,200 na tumatir a rana. A shekarar nan tsutsar tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta afka wa gonakin tumatir, ba a daɗe ba injin ya tsaya saboda babu abin da zai niƙa. In dai aikinka a jikin amfanin gona yake, to ƙwari, ko ƙarancin ruwa, ko faɗuwar farashi za su iya taɓa shi, komai girman wurin. Haka ayyukan da ke zuwa da tallafin waje, irin gyaran kanal-kanal da aka yi ƙarƙashin shirin TRIMING da kuɗin Bankin Duniya: aiki ne mai kyau, amma yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Don haka ka tambaya tun farko: kuɗin da za a riƙa biyana daga ina yake fitowa, kuma zuwa yaushe?

Abu na biyu, kiran waya ba aiki ba ne. Sau nawa muka ji an ce wa mutum "ka zo ranar Litinin", ya ajiye na hannunsa, ranar Litinin ta zo a ce oga ya yi tafiya, ko an ɗage ɗaukar ma'aikata? Ya saki reshe ya kama ganye. Kada ka furta wa maigidanka komai sai takarda ta shigo hannunka, mai ɗauke da albashi, ranar farawa, tsawon aikin, da sa hannu. Bayan takardar kuma, ka nemi mutum biyu ko uku da suka yi aiki a wurin, musamman wanda ya bari. Tambaya ɗaya ta isa: ana biya a kan lokaci? Ni na sami wani da ya yi zango biyu da su, ya ce min suna biya, amma tsakanin kwantiragi da kwantiragi akan zauna. Na ji, amma a lokacin ban ɗauki maganar da nauyin da ya kamata ba.

Abu na uku, ka san abin da doka ta ce, don kada a tsorata ka da abin da babu shi. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, sashe na 11, ta tsara wa'adin sanarwar barin aiki, wato notis. Wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, kwana ɗaya. Daga sama da wata uku zuwa ƙasa da shekara biyu, sati ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, sati biyu. Shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. Wannan shi ne mafi ƙaranci, in kun sa hannu a kan wa'adin da ya fi haka, to yarjejeniyarku za a bi. Notis ɗin da ya kai sati ɗaya a rubuce ake bayar da shi, kuma ana iya biyan kuɗi a madadinsa. Sashe na 7 kuma ya ce mai aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku ya wuce. Dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da akawu-akawu irina a lokacin. Manajoji da ƙwararru, abin da ke cikin takardar aikinsu shi ke hukunci.

Wani zai ce ai mafi ƙarancin albashi yanzu 70,000 ne tun Yulin 2024. Haka ne, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka masu aikin gona na lokaci-lokaci. Shi ya sa yawancin shaguna da ƙananan injinan yankinmu ba ta kama su ba. Wurin da ke da tsari kuma, ka duba ko suna zuba fansho: mai aiki kashi 10, ma'aikaci kashi 8, kuma asusun naka ne, duk inda ka koma zai bi ka.

To a doka ke nan, ni da kwana ɗaya na ba Alhaji na fita. Babu kotun da za ta kama ni. Amma a nan ne maganar take, kuma shi ne abu na huɗu, wanda ya fi duk sauran nauyi a wurina.

Barin aiki ba laifi ba ne. Lokacin da ka bari da yadda ka bari, su ne ke sa a kira ka mutumin kirki ko maci amana. Kowane ɗan yankin nan ya san bambancin ɗan ƙwadagon da ya gama kwanakinsa ya ce ba zai dawo gobe ba, da wanda ya tsere ana tsakiyar dashe, an tuge irin shinkafa yana zube a bakin fangali rana tana dukansa. Dukansu sun tafi, amma ɗaya ya bar ɓarna a bayansa. A ƙarshen Nuwamba, injin Alhaji yana tsakiyar kakarsa. Motoci na sauke shanshera har dare. Littafin bashi kuma ni kaɗai na san kansa, domin ni na sake tsara shi da hannuna. Da na ɓace a satin nan, ba kujera kawai zan bari babu kowa ba, rigima zan bari tsakanin Alhaji da dillalansa a kan wa ya biya, wa bai biya ba.

Don haka tambayar da za ka yi wa kanka ba "wata nawa na yi?" ba ce. Tambayar ita ce: in na tafi yau, me zai lalace, kuma kwana nawa nake buƙata in hana shi lalacewa? Ɗan uwanmu na Bunkure, kai da ke shagon taki, ka fi ni sanin cewa barin shago ana tsakiyar rububin sayen taki daban yake da barinsa bayan kasuwa ta lafa.

Ni abin da na yi, na koma wa sabon kamfanin na ce ina so, amma ba zan iya farawa cikin sati ɗaya ba, ina neman sati uku in miƙa amanar da ke hannuna. Gabana na faɗuwa na faɗa, ina tsoron su ce sun fasa. Sai matar da ke kula da ɗaukar ma'aikata ta ce babu damuwa, dama rajistar ba za ta kankama ba sai Janairu. Ashe gaggawar ta baki ce. Kuma ku lura da wannan: wurin da ya ce lallai sai ka yi wa maigidanka tsiya ka gudo yau-yau, ya nuna maka yadda shi ma zai yi da kai gobe.

Abu na biyar, wanda ya tsaya maka. A ƙasar Hausa ba kasafai takarda ke samar wa mutum aiki ba, fuska ce. Wani ne ya ara maka mutuncinsa. In ka tafi ba sallama, ba sunanka kaɗai ka ɓata ba, ka rufe ƙofar ga duk yaron da wannan mutumin zai kawo nan gaba. Saboda haka kafin in je wurin Alhaji, gidan Kawu na fara zuwa bayan sallar isha'i. Na zauna a ƙasa na yi masa bayani tun daga farko, na nuna masa takardar.

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Yanzu ɗan nan, da wane ido zan kalli Alhaji?"

Na ce, "Kawu, shi ya sa na fara zuwa wurinka. In ka ce kada in tafi, zan sake tunani. Amma wannan shi ne abin da na karanta, kuma ba zan tafi ba sai na koya wa wani littafin nan."

Ya ce, "Ka yi istihara?" Na ce na yi. Ya ce, "To gobe tare za mu je. Ni na kai ka, ni zan karɓo ka."

Ba zan yi muku ƙarya ba, Alhaji bai ji daɗi ba. Ya ce da ya san haka ne da bai ɓata lokacinsa a kaina ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka yi min rana, kuma ba don an ɓata min zan tafi ba. Ka ba ni yaro ɗaya in zauna da shi sati uku, ba zan fita ba sai littafi ya daidaita da abin da ke cikin sito." Ban kushe albashinsa ba, ban ce ya ƙara min in zauna ba, kuma ban yi ƙaryar rashin lafiya ko komawa makaranta ba. Ƙaryar nan ita ce babbar wauta, domin tsakanin Kura da Bunkure babu nisan da za ka ɓuya. Ranar kasuwa ɗaya ta isa a gan ka a kan sabon babur.

Ya ba ni ɗan ƙaninsa. Na koya masa awo da rubutu, muka ƙirga buhu ɗaya-ɗaya, muka bi kowane dillali ya tabbatar da bashinsa. Ranar da zan tafi Alhaji ya biya ni kuɗina cif, amma ko kallona bai yi ba. Kawu ma ya fi wata yana amsa gaisuwata a daƙile. Wannan shi ne kuɗin da na biya, kuma duk mai shirin tafiya ya sa shi a lissafinsa.

Me ya sa duk da lissafin da ya nuna 720,000 ta fi 570,000 na tafi? Saboda na tambayi kaina: nan da shekara uku, me kowane aiki zai mayar da ni? A kan sikeli, abin da zan koya na riga na koye shi cikin sati bakwai. A ɗaya aikin kuwa zan san manoma, in san iri da taki da cututtukan shinkafa a gona ba a littafi ba, in san yadda ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ke raba ban-ruwa. Wannan ilimin ko an sallame ni yana nan tare da ni. Da bambancin kuɗi ne kawai, da aikin iri ɗaya ne, wallahi da na zauna na cika ko da kaka ɗaya. Domin in ka saba tsalle saboda ƙarin dubu biyar ko goma, nan da nan za a san ka, kuma babu mai damƙa maka makullin sito.

Akwai kuma lokacin da ba sai ka tsaya dogon tunani ba. In ana riƙe maka albashi wata da watanni, ko abin da aka faɗa maka daban abin da ka tarar daban, ko ana sa ka tauye mudu, ko sake wa taki buhu, ko sayar da maganin feshin da wa'adinsa ya wuce, ko kuma, musamman ga 'yan uwa mata, ana neman keta miki mutunci, to wanda ya fara karya alƙawari ba kai ba ne, ba ke ba ce. A yi sallama cikin mutunci, a kama gaba, ko da sati ɗaya aka yi.

Ƙarshen labarina? An sabunta min kwantiragi sau ɗaya. A karo na biyu aka ce mu jira, jiran da ya kai wata huɗu babu ko sisi, daidai abin da mutumin nan ya gaya min. Kaka ta zagayo, ina zaune a gida. Wata safiya sai ga kiran Alhaji. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, ya ce, "Kana da aiki ne yanzu?" Na ce babu. Ya ce, "To ka zo ka taya yaron nan awo, kaya sun yi masa yawa. Kullum zan sallame ka." Da wannan kuɗin na riƙe gida har aka sake kiranmu. Wani abokina da ya bar wani injin a shekarar da na bar nawa, ya kashe waya ya ɓace da littafi a hargitse, har yau in ya hango tsohon maigidansa a wurin ɗaurin aure sai ya sauya hanya.

Don haka ɗan uwa na Bunkure, ba zan ce maka tafi ko zauna ba, domin ban ga takardarka ba. Amma ka karɓi takardar tukuna, ka yi lissafin shekara, ka tambayi waɗanda suka yi aiki a wurin. In ka ga tafiyar ce alheri, ka fara da wanda ya kai ka, sannan maigidanka, baki da baki ba ta saƙon waya ba. Ka nemi sabon wurin su ba ka kwanakin da za ka miƙa kaya da lissafi, ka fita babu ko kwalbar magani ɗaya da ba a san inda take ba.

A nan za mu dakata a wannan mako. Duk wanda irin haka ta taɓa faruwa da shi, ko ya tafi ko ya zauna, ya turo mana yadda ta kaya, za mu karanta wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya sa mu rabu da kowa lafiya.